Kunnen Baffa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi muka kai Baffa makwancinsa. Wan mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni bayan mahaifin nawa ya rasu, shi ya koya mini sana'ar da nake ci da iyalina da ita, wato gyaran esi, na'urar sanyaya mota. Kuma shi ne mutumin da na shekara bakwai ban zauna mun yi maganar minti biyar da shi ba.

Da aka idar da salla a ƙofar gidansa a Makera, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa rai, don Allah ya yafe masa. Sahu ya amsa baki ɗaya, "Mun yafe, mun yafe." Ni ma leɓena ya motsa, amma abin da ke raina daban ne. Kowa a wurin an ba shi dama ya yafe wa Baffa. Ni kuwa yafiyarsa nake nema, kuma babu limamin da zai juya wajen makara ya tambayar mini. Tun daga lokacin abu ɗaya nake bi ina nema a bakin mutane: ko Baffa ya yafe mini kafin ya tafi.

Kwana ukun zaman makoki tabarmi ba su huta ba. Kanikawan layinsu suka rufe rumfuna suka zo, an sa manyan riguna amma baƙin mai na nan a ƙarƙashin farce. Wani tsohon direba ya zauna, ya shafa fatiha, ya ce, "Shi ke nan, Ba-Gas-Ba-Ne ya tafi." Ya fara dariya, dariyar ta juye masa kuka, sai da aka kama shi aka fitar. Maƙwabcin rumfar Baffa, wani fanalbita mai gyaran jikin mota, Kirista ne mazaunin Kamazou. Shekara da shekaru in Juma'a ta yi shi ke tsare wa Baffa kaya, in Lahadi ta yi Baffa ya tsare masa. Bai shiga sahu ba, ya tsaya gefe da hularsa a hannu, amma a maƙabarta sai da aka ƙwace shebur daga hannunsa. Da ya zo yi mini gaisuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Sai haƙuri. Aikin ya bi Baba ƙasa. Yanzu masu zuba gas kawai suka rage." Bai sake ni da wuri ba, kuma na gane saƙon.

Goggo kuwa, ƙanwar Baffa, ba ta iya nannaɗe magana ba. Ina shiga cikin gida na durƙusa gaban mata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, mutanen Television ne? Ashe kun san hanyar gidan." Television ita ce unguwar da na buɗe nawa garejin, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ko da cunkoso. Ba wadda ta ce mata ta bari. Matar Baffa, wadda nake kira Inna, ita cewa ta yi, "Ka ci abinci?" Wannan tambaya ta fi maganar Goggo yi mini ciwo.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, domin mai gyaran esi ba ya barin abin da za a nuna. Magini ya bar gini, tela ya bar riguna a jikin mutane. Baffa sanyi ya yi ta yi wa mutane, shi kuwa sanyi da an kashe mota ya tafi. Nan da 'yan shekaru wani zai karɓi rumfar ya sa kayan facin taya, ba wanda zai san wa ya zauna a bencin.

Sunan Ba-Gas-Ba-Ne daga bakinsa ya samo shi. A Kaduna duk wanda esinsa ya daina sanyi magana ɗaya yake zuwa da ita: "A ƙara mini gas." Tun kafin mai mota ya rufe baki Baffa zai ce, "Ba gas ba ne." Wani lokaci gas ɗin ne ma, amma sai ya faɗa, domin a wurinsa gas ba ya ƙarewa kamar fetur. "Ba shan sa motar take yi ba," in ji shi. "In ya ragu, wani wuri ya bi ya fita. Nemo mini ƙofar." Sai a kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, a bi tiyo da mahaɗai ɗaya bayan ɗaya da soso, ana jiran inda kumfa za ta taso. Na taɓa yini guda a durƙushe a kan yoyon da bai kai hudar allura ba, mai motar yana zaginmu a zuci, ni ina zagin Baffa a zuci, shi kuwa yana zaune yana cin goronsa.

Tsarinsa ba ya canzawa. Fis tukuna. Sannan fanka, tana juyawa ko ba ta yi. Sannan bel, sannan a jona geji a ga ƙarfin gas. Kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, shi ne na ƙarshe da za a zarga, domin shi ne mai tsada, kuma shi ne wanda kowane maƙaryaci yake fara ɗora wa laifi.

Wani Alhaji ya taɓa zuwa, gumi ya jiƙa masa babbar riga, an gaya masa a wuri biyu kwamfuresa ya mutu. Baffa ya tsuguna gaban motar, ya leƙa ta ragar gaba, ya zura hannu ya zaro baƙar leda, ya zaro wata, sannan ya ce a kawo bokitin ruwa. Laka da ledoji ne suka toshe gaban, iska ba ta ratsawa ta huce gas. Aka wanke, aka tada mota, sanyi ya zo. Alhaji ya ce, "Malam, me ya same ta?" Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, wanka take so. In da hali a riƙa yi mata, ko na Juma'a ne." Alhaji ya tafi yana dariya har da buga sitiyari.

Kada in mai da shi waliyyi. Baffa na da baƙar magana da taurin kai, kuma ba ya yabo. In ka yi aiki mai kyau, iyakar abin da za ka samu shi ne "To." In ka yi kuskure, har mai sai da rake a bakin titi sai ya ji labari. Motarsa ta kansa wata tsohuwar akwala ce da esinta bai taɓa aiki ba, in an tsokane shi ya ce shi gilashi yake saukewa, iskar Allah ba ta yoyo. Wata shekara tiyo ya fashe a hannuna, gas ya ƙona mini yatsu da sanyinsa har fata ta saɓule. Shi ya kai ni aka ɗaure. Sati guda ba na iya riƙe loma, shi ke zama ya ba ni tuwo a baki, yana ba ni yana cewa, "Buɗe, sakarai. Wa ya ce ka kama tiyo ba ka duba geji ba?" Irin tausayinsa ke nan, sai ka tsince shi daga cikin zagi.

Amma abin da ya fi kowa da shi kunne ne. Yana da wata doguwar sukudireba mai ƙotar katako. Sai ya dafa bakinta a jikin kwamfuresa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido, kowa ya yi shiru. Daga nan zai ce boris ne ya fara ci, ko mai ne ya ƙare a ciki, ko kuma lafiyarsa ƙalau, a nemi laifin a waya. In an danna maɓallin esi, akwai wata 'yar ƙara, ƙas, da kulocin kwamfuresa ke yi in ya kama. Baffa yana jin ta daga wurin alwala, ga janareta na ruri, ga gudumar fanalbita.

Kunnen nan ne ya fara mutuwa. Ni na fara lura, a lokacin na yi aure har da 'ya'ya biyu, ina aiki a gefensa. Na ga in ya kara sukudireba yana daɗewa fiye da da, ya canza kunne, ya sake canzawa. Wata rana aka danna esi, kuloci ya kama, na ji, mai mota ya ji, Baffa ya ce, "Bai kama ba." Na sunkuya kamar ina gyara waya, na ce a sake dannawa, sannan na ɗago na dube shi na gyaɗa kai. Ya dube ni. Daga ranar muka samu yarenmu. In kuloci ya kama, in dafa bonet da hannun dama. In akwai gurnani a kwamfuresa, in sosa ƙeya. Shi kuma ya kara sukudireba, ya lumshe ido, ya faɗi abin da hannuna ya gaya masa, masu mota su ce kai, Baba akwai kunne. Da ma shi ba mai amsa magana da wuri ba ne, don haka ba wanda ya yi zargin komai. Shekara biyu muna haka. Ban taɓa jin ina kusa da shi kamar a shekarun nan biyu ba.

Ana nan motoci suka canza. Aka fara kawo masu allo da lambobi, waɗanda direba zai zaɓi nasa sanyin, na gefensa ya zaɓi nasa. Na ce mu sayi na'urar da ake jonawa ta karanto laifin mota. Ya ce shi ba zai tambayi talabijin abin da ke damun mota ba. Na haɗiye, amma abin yana cina.

Ranar da na yi ɓarnar, cikin bazara ne, ana azabar zafi, Baffa ya tafi jana'iza Kakuri. Wani mutum ya zo zai kama hanyar Abuja da iyalinsa, yana sauri, ya ce a zuba masa gas kawai. Na san akwai yoyo, na ga jiƙon mai a mahaɗar tiyo da idona. Na zuba, ya tafi. Bayan kwana huɗu ya dawo yana masifa a tsakar layi, Baffa na nan. Baffa ya leƙa, ya ga abin da na gani, ya juyo kaina. Ya ce na zubar masa da mutunci. Ya ce hannuna hannun ɓarawo ne. Yana faɗa da ƙarfi, domin shi ba ya jin ƙarfin muryarsa, kanikawa suka bar aiki suka taru. Ni magidanci, furfura har ta fara leƙowa a gemuna.

Ni ke da laifi, na sani tun a lokacin. Da na yi shiru, kafin la'asar an wuce wurin. Amma zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya yadda zai ji, yadda kowa zai ji, na ce, "Ni ne ɓarawo? Kai da kake kara sukudireba a kunnen da ya mutu shekara biyu? Wa yake ji maka? Gaya musu wa yake ji maka!"

Wannan kam ya ji. Fanalbita ya ajiye guduma. Baffa ya dube ni, ya dubi mutane, ya ɗauki butarsa ya nufi wurin alwala, alhali azahar da saura. Ni kuma na kwashe kayan aikina.

Magana ba ta kwana a layin kanikawa. Kafin wata ya ƙare Ba-Gas-Ba-Ne ya zama Baba Kurma a bakin direbobi. Motoci suka ragu a gabansa, suka ƙaru a gabana a Television, inda na sayi na'urar na kafa allo mai fenti. Wasu masu zuwa wurina mutanensa ne, ina gane su, suna kawar da kai. Duk salla ina zuwa gaisuwa cikin ayarin 'yan'uwa, in durƙusa, ya ce, "Lafiya lau," ya dubi na bayana. Sau nawa na shirya maganar a mota, in iso ƙofar gida in ga mutane, in ce sai an watse. Akwai kuma wani abu na wauta da ya ɗaure ni. Neman gafara da ƙaramar murya ake yin sa, shi kuwa ba ya jin magana sai an ɗaga murya, ni kuma tun daga ranar nan na kasa ɗaga murya a gabansa. Haka shekara bakwai ta wuce ina cewa gobe. Ranar Asabar ya faɗi a rumfa, kafin in isa asibiti ya daina magana, da asubahin Talata ya cika.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an watse, na samu Inna ita kaɗai. Na ce, "Inna, don Allah, ya taɓa ambatona?" Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce, "Ka san Baffanka, abin da ke ransa ba ya fitowa. Ba zan yi maka ƙarya a kan mamaci ba. Ban ji ya zage ka ba, ban ji ya sa maka albarka ba." Sannan ta miƙo mini makullin rumfa. "Akwai motar wata baiwar Allah a can, sati biyu ke nan. Ta hana shi sukuni. Amanar mutane ce, ka je ka sallame ta."

Washegari da safe na buɗe. Motar irin ta zamani ce mai allo. A kan kujera akwai guntun kwali da rubutun Baffa na ajami, da biro. A sama ya rubuta matsalar: ɓangaren direba sanyi, ɓangaren fasinja zafi. Ƙasa da shi ya jera abin da ya duba. Fis lafiya. Fanka lafiya. Gas cike, na gwada sau uku. Babu yoyo. Kuloci yana kamawa, na gani da ido. Na tsaya a kan wannan layi na daɗe. Bayansa babu komai, sai ɗigon biro inda ya dafa bai rubuta ba.

Na zo da na'urata a jaka, ban ma buɗe ta ba. Na shiga, na murɗa makulli, tun kafin inji ya tashi na ji ta: ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, daga can cikin dashbod, ta ɓangaren fasinja. Akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ke raba iskar zafi da ta sanyi, ƙaramin inji mai haƙoran roba ne ke juya ta. In haƙoran suka cinye, sai ya yi ta tsalle a wuri ɗaya yana wannan ƙara, ƙofar kuma ta maƙale a zafi. Duk wanda ya yi wata shida a sana'ar nan zai gane ta daga jin farko. Sati biyu dattijon nan yana zagaya motar da gwangwanin ruwan sabulu, cikin wannan rana, laifin yana kiransa daga nisan da bai kai kamu biyu ba.

Na kifa kaina a sitiyari. Kukan da ban yi a maƙabarta ba a nan na yi shi, ƙarar tana ta bugawa a gefena. Fanalbita ya leƙo ya gan ni, ya koma.

Kafin azahar na canza ƙaramin injin, na kira lambar da ke bayan kwalin. Mai motar ta zo a keken haya mai ƙafa uku, dattijuwa ce, tsohuwar nas mai ritaya daga Narayi. Ta je ta'aziyya tun ranar farko, ba ta tada maganar mota ba. Ta zauna, ta kara bayan hannunta a iskar ɓangaren fasinja ta ce, "Sanyi ya dawo." Na tambaye ta ko ta gaya masa motar tana ƙara.

"Na gaya masa, sau biyu ma. Ya ce to. Na san kunnen ba ya yi, amma ina zan kai ta? Yarana suna ta cewa Mama ki canza makanik. Na ce lokacin da babanku yake ciwo muna jigilar asibiti, ranar salla Baba ya bar nama ya zo har gida ya gyara mana. Ba ni zan kunyata shi ba."

Sannan, tana gyara madubi, ta ce, "Ai ranar Juma'ar nan da na leƙo da safe, ya ce mini, Madam, in Litinin ta yi ban gano ba, ki kai wa ɗana a Television, shi zai ji abin da ban ji ba."

Na riƙe ƙofar motar. A wurinmu wan uba ba ya cewa ɗan ƙanena, ɗana yake cewa, kuma duk shekarun da na yi a gabansa haka yake nuna ni ga baƙi. In Baffa ya ce ɗan ƙanena, to ya ajiye ni ke nan a inda jini ya ajiye ni, ba ƙari. In kuwa ɗana ya ce, kwana huɗu kafin ya cika, to na samu abin da nake nema.

Na ce, "Mama, don Allah, ɗana ya ce? Haka ya faɗa da bakinsa?"

Ta tsaya, ta ɗan yamutsa fuska tana tunani. "Ɗana... ko ɗan ƙanena ne ya ce? Kai, ka san tsufa. Kuma ana ta buga guduma a lokacin." Ta dube ni, ta ga yadda nake. "To ai duk ɗaya ne, ko ba haka ba? Mu ma a wajenmu duk ɗaya ne."

"Ki daure ki tuna, Mama."

Ta rufe ido. Ta yi ƙoƙari, na ga ta yi. Da ta so, da ta faɗi wanda nake son ji, ba wanda zai sani. Amma irin mutanen Baffa ce, shi ya sa ta zauna da shi har ƙarshe. Ta buɗe ido ta ce, "Ba zan iya rantsewa ba, ɗana. Ka yi haƙuri."

Ta ja motarta, gilashi a rufe. Na zagaya rumfar fanalbita kusan da gudu. Na ce, "Ranar Juma'a kana nan da Madam ta zo. Ka ji abin da ya ce mata?" Ya dube ni, ya dubi gudumar da ke hannunsa, ya ce, "Ni nake bugun."

Mutum uku ne a wurin ranar. Ɗaya ta manta, ɗaya bai ji ba, ɗaya yana ƙasa.

Allah Ya ji ƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya masa makwanci. Ni dai ban sani ba, kuma ba zan sani ba.